Ranar da Iskar Arvo Ta Tsiyaye

Ni na gyara regiletar Arvo Niemela a makon da ya kusa rasa ransa, shi ya sa babu abin da na manta na wannan ranar.

Arvo ne ya koya mini nutso. Ina 'yar shekara ashirin da uku na shiga shagonsa da ke bakin tashar jiragen ruwan garinmu, a gaɓar Tafkin Superior, ina neman aikin wata uku. Sai ga shi na kwashe shekara goma sha tara a wurin. Da farko aikina cika tukwanen iska ne da wanke rigunan ruwa. Daga baya ya zaunar da ni a bencinsa na ɗakin baya ya koya mini kwance regileta, na'urar nan da ake ɗaurawa a kan tukunya, ta rage ƙarfin iska ta turo wa mutum daidai abin da huhunsa zai ɗauka. Da idonsa ya fara rauni, bencin ya dawo hannuna. Har tasa ni nake duba masa, ko da yake sai ya tsaya a kaina yana gyaran murya.

Yadda ya ɗaura kayansa haka duk wanda ya koya a hannunsa yake ɗaurawa. Tukwane biyu a baya, bututu ya haɗa su ta sama, kowace da bawul ɗinta na buɗe iska da rufe ta a bayan wuya, kowace da regiletarta. Ta dama mai dogon tiyo ce, ita ke bakinka, ita kuma za ka miƙa wa abokin tafiyarka in iskarsa ta ƙare. Ta hagu tana rataye da roba a ƙarƙashin haɓarka. In ɗaya ta lalace sai ka kai hannu baya ka rufe bawul ɗinta, ka koma ɗayar. Arvo ba ya barin ɗalibi ya wuce zurfin ƙafa sittin sai ya ga yana iya rufewar nan da safar hannu mai kauri, idonsa a rufe. Na ga ya mayar da likitoci da 'yan sanda gida a kan wannan, ba tare da ya ɗaga murya ba.

Asabar ta ƙarshe a watan Oktoba muka fita mu uku, ni da shi da Wendell Beaudry mai jirgin da ke kai mu. Wendell tsaran Arvo ne, aji ɗaya suka yi, kuma ban taɓa jin sun yi hirar minti biyar ba tare da ɗaya ya tsokani ɗaya ba. Da safen raɓa ta daskare a dandamalin jirgin har sai da muka riƙa tafiya muna dafa ƙarfe. Za mu je Jirgin Murhu ne, wani tsohon jirgin katako da ke kwance a zurfin ƙafa ɗari da arba'in, cikinsa cike da murhunan ƙarfe da ba su kai inda aka aika su ba. Nutson rufe shekara ke nan, daga shi sai a fitar da jirgi daga ruwa kafin ƙanƙara ta kama tashar.

Da muka isa, Arvo ya zauna a benci ya juya wa Wendell baya don ya ɗora masa tukwanen.

"Tsoho, yau ma ni zan goya maka kayan?" in ji Wendell.

"Ɗaga dai, malam. In ban da shan kofi, aikin me kake yi a jirgin nan?"

Na yi dariya na ci gaba da ɗaure nawa. Na lura sai da Wendell ya riƙe masa hannun dama ya zura shi cikin maɗauri, amma ban kawo komai a raina ba. Rigar ruwan sanyi tana da kauri, kowa yana bukatar a taimaka masa.

Al'adarmu ce mu tsaya a ƙafa ashirin, kowa ya duba bayan ɗan'uwansa ko akwai kumfa mai fita, sannan kowa ya taɓa bawul ɗinsa. Na duba bayansa, babu ko ɗigo. Na kai hannu na taɓa nawa. Shi kuwa sai ya nuna mini ƙasa da babban yatsa, ya kama igiya ya fara sauka. Na ɗauka sanyi ne ya sa shi gaggawa.

Akwai jan ruwa a ranar, ba mai yawa ba, amma sai mutum ya riƙa jan jikinsa da igiya. Haske ya yi ta raguwa daga kore zuwa toka, har muka kunna tocila. Ruwan ƙasan tafkin nan rani da hunturu duk ɗaya ne, saura ƙiris ya daskare. Leɓɓana suka mutu kamar kullum. Muka sauka a kan gaban jirgin, muka bi gefensa zuwa babban ramin lodi. Na leƙa ciki ina haska murhunan da ke jere cikin laka, Arvo yana bayana kamar taku goma.

Ƙarar na fara ji. Wani ruri ne mara yankewa, kamar an buɗe famfo a cikin kaina. Na waiwaya, ban ga fuskar Arvo ba sam, sai farin kumfa da ya turnuƙe daga ƙirjinsa yana tashi sama. Regiletarsa ta dama ta daskare a buɗe. In haka ta faru iska ba ta tsayawa, kuma a wannan zurfin tukunya tana iya ƙarewa cikin 'yan mintoci. Ya riga ya tofar da ita ya sa ta wuya a baki, wannan daidai ne. Amma tukwanen biyu a haɗe suke, muddin ba a rufe bawul ba duka biyun ne ke tsiyaya.

Na tsaya daƙiƙa biyu ko uku ina jiran in ga kumfan ya ɗauke, domin na ga Arvo ya yi wannan rufewar sau ɗaruruwa. Bai ɗauke ba. Na hango hannunsa na dama ya tashi, ya kai daidai kunne, ya tsaya. Ya sauke, ya sake ɗagawa, ya tura gwiwar hannun da hannun hagu. Ya sake tsayawa a wuri ɗaya. Ƙafafunsa sun fara tayar da laka, kuma bai haska mini tocila ba ko sau ɗaya.

Ban san yadda na isa gare shi ba. Na zagaya ta bayansa, na cusa hannu cikin kumfan ina lalube, na kama bawul ɗin dama. Ƙanƙara ta lulluɓe kan regiletar, ta yi dunƙule kamar ƙwallo. Na murɗa, na murɗa, safar hannuna tana zamewa, har rurin ya ragu ya mutu. Shirun da ya biyo baya sai da ya ba ni tsoro.

Na dawo gabansa na ɗago agogon iskarsa na haska. Mun shiga ruwa allurar tana kan dubu uku, yanzu tana ƙasa da ɗari huɗu. Na cire tawa daga baki na miƙa masa, na koma ta wuyana. Ya dube ta, ya dube ni. Ta cikin gilashin fuskarsa na ga idanunsa, ba firgita ce a cikinsu ba, wani abu ne dabam da ban gane ba a lokacin. Na girgiza masa ita a gaban fuska, sannan ya karɓa.

Muka koma igiya a hankali, dogon tiyona yana tsakaninmu, hannuna riƙe da maɗaurin ƙirjinsa. Ba a tashi daga irin wannan zurfin kai tsaye, sai an tsaya a hanya jini ya saki iskar da ya sha, in ba haka ba mutum ya fito da shanyewar jiki. Muka tsaya a ƙafa saba'in, muka tsaya a arba'in, sannan muka yi doguwar tsayuwa a ashirin. Ina jin numfashinsa a jikin tiyon, da sauri da farko, daga baya ya daidaita. Ni kuma ina kallon agogona ina lissafin mu biyu a kan iskar mutum ɗaya. Ta ishe mu, amma ba da rara mai yawa ba. Duk tsawon tsayuwar nan abu ɗaya ke yawo a kaina: ranar Talata na kwance regiletar nan, ni na sa mata sababbin zobban roba, ni na ɗaure ta.

Wendell ya ga tafasar kumfan tun daga sama, muka tarar da shi a bakin tsani fuskarsa ta yi fari. Ya ja Arvo ciki, ya kwance masa kaya, ya buɗe baki zai yi tsokanarsa ta kullum, ya fasa. Ya zuba masa kofi ya miƙa. Arvo ya ce regileta ce ta daskare. Da muka iso tasha ya shiga motarsa ya tafi, ya bar kayansa a jirgi, abin da bai taɓa yi ba.

Da yammacin ranar na kwance regiletar a benci. Na jera kayan cikinta a kan farin ƙyalle, na duba kowane zobe da gilashin ƙara girma, na auna ƙarfin iskar da take turowa, na haɗa, na sake kwancewa. Babu abin da na samu. Na aika ta wurin wani tsohon mai gyara a garin Marquette ba tare da na faɗa masa ta wane ce ba, ya dawo da ita ya ce lafiyarta ƙalau. Na san regileta mai lafiya tana daskarewa in ruwa ya yi sanyi haka, mutum kuma yana haki yana jan iska da ƙarfi. Na san wannan, na sha koya wa ɗalibai. Amma sanin bai hana ni kasa cin abinci ba.

Kwana tara Arvo bai leƙo shago ba. Na kira sau biyu, matarsa Verna ta ce yana waje. Na yanke wa kaina hukunci cewa ya ɗora mini laifi ne, kuma kunyar faɗa mini yake ji. Har na fara tunanin yadda zan mayar masa da makullin bencin.

Ranar Lahadi Verna ta kira ni da kanta, ta ce in zo bayan coci, ta gasa burodi. Na same ta ita kaɗai a kicin. Ta zuba mini kofi, ta yanka burodin da zafinsa, ta zauna ta dube ni, ta ce na rame. Na fara ba ta haƙuri ina bayanin zobban roba, sai ta ɗaga hannu.

"Marlys, ba ke ba ce. Kafaɗarsa ce."

Ta ce hunturu biyu da suka wuce ya zame a kan ƙanƙara wajen ɗauko itace, ya faɗi a kan hannun dama. Ya ƙi zuwa asibiti, ya ce targaɗe ne. Tun daga lokacin hannun bai ƙara wuce kunnensa ba. Ita take taje masa ƙeya, ita take cuɗa masa baya in sun shiga sauna, wato ɗakin wankan tururi, ita take sa masa kwat. Ta ce ba ta san hannun yana da alaƙa da bawul ba sai a makon nan, da ya zaunar da ita ya faɗa mata. Da ta sani, da tuni ta zo shago ta tona masa asiri a gaban kowa.

Na zauna ina kallon burodin. Rani biyu ke nan muna shiga ruwa tare, nutso sama da sittin, rabinsu a zurfin da ba a wasa da shi. Nauyin da ke ƙirjina ya sauka, wani ya hau.

Arvo yana rumfar da ke bayan gidansu yana ƙyafe farin kifi. Ya ji takuna bai waiwayo ba, ya ci gaba da gyara itacen da ke ƙarƙashin ragar da hannun hagu. Na tsaya a ƙofa. Hayaƙi ya cika wurin, na ji daɗin hakan domin idona ya riga ya kawo ruwa.

"Ta faɗa miki," ya ce.

"Baba Arvo, kwana tara ina kwance regiletar nan ina haɗawa. Na ɗauka ni na kusa kashe ka."

Sai a lokacin ya juyo. Na ga alamar wannan bai taɓa zuwa masa a rai ba. Ya zauna a kan kututture, ya cire hularsa ya riƙe. Ya ce ya ɗauka na ga komai a ƙasa, na ga hannun ya tsaya, kuma shi ya sa ya kasa zuwa ya haɗa ido da ni. Na ce na gani, amma na ɗauka riga ce ta ɗaure shi, domin ban taɓa tunanin akwai ranar da hannunsa zai kasa ba.

Na tambaye shi me ya hana shi faɗa mini tun farko.

"In na faɗa miki za ki hana ni shiga. Kuma ba zan iya musu da ke ba, ni na koya miki hanawar."

"Me ya hana ka haska mini tocila?"

Ya ce ya yi ta gaya wa kansa cewa in abin ya zo da gaske, tsoro zai kai hannun inda zafi ya hana shi. Ya ba hannun zarafi sau ɗaya, sannan ya ƙara masa wani, har ya manta ina nan.

Na faɗa masa abin da ke raina, ban rage ba. Na ce ba ransa kaɗai ya kai ƙasa ba. Ina shiga ruwa ne da sanin cewa rabin iskar da ke bayansa tawa ce in tawa ta lalace, shi ma haka. Da a ce tawa ta daskare a daidai lokacin da tasa ke tsiyaya, da Wendell ya koma tasha shi kaɗai. Bai kare kansa ba. Ya ce ya sani, ya kwana tara yana wannan lissafin. Ya ce in yi haƙuri, kalmar da ban taɓa ji daga bakinsa ba, kuma ta fito masa da ƙyar kamar tana da ƙaya. Shekararsa sittin da takwas a lokacin, arba'in da biyar daga ciki a ruwan nan ya yi su. Na dube shi a kan kututturen, hular a hannu, na kasa ci gaba da fushi. Ya naɗe mini kifi biyu a jarida na tafi da su.

A watan Disamba Verna ta kai shi wurin likitan ƙashi, ni na tuƙa su saboda hanya ta yi santsi. Likitan ya ce jijiyar ta daɗe da tsinkewa ta janye, aiki zai rage masa zafi ya samu barci, amma hannun ba zai sake kaiwa bayan wuya ba. Arvo ya ce to. A hanyar dawowa ya fara zancen wanda zai sayar wa tukwanensa, ni kuma na yi kamar hankalina yana kan titi.

Akwai wasu masu nutson kogo daga Florida da suka taɓa zuwa mana da wani irin ɗauri. Su ba sa goya tukwane, a gefe suke rataye su, ɗaya a ƙarƙashin kowace hammata, bawul ɗin yana gaban mutum inda ido ke ganinsa. Ba bututun da ya haɗa su, in ɗaya ta lalace ɗayar tana nan cif. Na kira ɗaya daga cikinsu, wata mata mai suna Rhonda, ta yi mini bayani ta aiko mini da hotuna. Cikin hunturun nan, shago babu kowa, na ɗinka maɗauri daidai jikin Arvo, na sake jera regiletocinsa da gajerun tiyo yadda komai zai zo wa hannun hagu da sauƙi. Sau huɗu na gwada a jikina a wurin ninƙayar makarantar sakandare kafin na nuna masa.

Ya zagaya kayan a kan benci yana taɓawa. Ya ce zai yi kama da jakin da aka ɗora wa mangala. Na ce jakin dai yana komawa gida. Ya tambaye ni wa zai koya masa, tunda a garin nan babu wanda ya iya. Na ce ni. Ya ɗaga gira, amma washegari ya zo da gajeren wandonsa na ninƙaya a leda.

Ɗalibi ne mai wahala. Yana gardama a kan kowane ƙulli, kuma rabin lokacin shi ke da gaskiya. Na hana shi wuce wurin ninƙaya sai da ya rufe kowane bawul ya buɗe sau ashirin a jere ba kuskure. Ranar da ya yi sha tara ya ɓata na ƙarshe, na ce a sake daga farko. Ya yi mini wani kallo ta cikin gilashi, ya sake.

Tsakiyar watan Mayu, bayan ƙanƙara ta bar tashar, muka shiga tafki ta bakin yashi kusa da tsohuwar gadar katako. Zurfin wurin bai wuce ƙafa goma sha biyar ba. Verna tana cikin mota ta kunna abin ɗumama, Wendell yana tsaye a kan gada da kofinsa yana ihun cewa a kira masu kamun kifi, ga wani dabba ya shigo tasha. Arvo ya ɗaga masa yatsa, ya nutse.

Na bi bayansa. Ya kwanta a ruwan ya daidaita, ya rufe ta dama ya koma ta hagu, ya buɗe, ya nuna mini agogo biyun. Daga nan na ɗauka za mu fita. Sai ya wuce ƙarƙashin gadar, ya tsaya a gindin wani ginshiƙi inda ƙananan kifaye suka taru, ya naɗe hannuwa yana kallonsu. Minti arba'in muka yi a wurin, har yatsuna suka daina ji.

Da muka fito ya zauna a yashi yana haki kaɗan. Ya ce tukunyar hagu tana bugun gwiwarsa, in rage maɗaurin da yatsa biyu. Na durƙusa na rage. Ya motsa ƙafar, ya ce ya yi. Sannan ya tambayi Wendell ko jirginsa zai shiga ruwa kafin ƙarshen wata, akwai wani nutsattsen kwale-kwalen jan kaya a ƙafa hamsin da yake son ya sake gani.